Tocila mai jifa, ko me za mu kira ta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Kwana biyun nan ina haɗa wata tocila da hannuna, irin wadda haskenta ke fita a tsuke kamar sanda ya je ya taɓo abu can nesa. Don kada kuɗi su tafi da yawa, na sayi gangar tocila samfurin Convoy C8 da babu komai a cikinta, na sa mata ɗan ƙaramin ƙwan LED na kamfanin Osram, wanda fuskarsa mai ba da haske kusan milimita 1 ce kowane gefe, da batir samfurin 18650 guda ɗaya. Aiki ya yi kyau. Inda na maƙale shi ne da na zo rubuta wa ƙanena yadda aka yi. Masu harkar nan da Turanci suna kiran nisan da hasken ke kaiwa "throw", ita tocilar kuma "thrower". Na rubuta "tocila mai jifa", na sake karantawa, ni kaina dariya ta kama ni. Me ya kamata mu ce?

Mai gyaran lantarki: Wa alaikumus salam. Gara da ka yi dariyar tun kafin wasu su yi maka. Ka ce wa Bahaushe tocilarka tana jifa, ko ya ɗauka dutse take wurgawa, ko ya ce asiri ka sa mata. Ka ce "tocila mai ƙarfi" ka huta, ɗan'uwa.

Mai tambaya: Yaya, ai a nan matsalar take. Ƙarfi iri biyu ne. Akwai yawan hasken da ke fita gaba ɗaya, shi ake aunawa da lumen. Akwai kuma zafin hasken a tsakiyar sandar, shi ake aunawa da kandela. Ina da wata tocila da ta fi wannan lumen nesa ba kusa ba, tana cika fili da haske kamar rana, amma ba ta ganin rabin abin da wannan ke gani a nesa. In na ce "mai ƙarfi", wacce ke nan a cikinsu?

Mai gyaran lantarki: To, "mai harbi". Muna cewa fitilar mota tana harba haske.

Malamin Hausa: Harbi ya fi jifa, amma ya faɗi yadda hasken ya tashi, bai faɗi inda ya sauka ba. Kowace tocila tana harba haske, har ta jikin waya. Ni ina ganin kalmar tana hannunmu tun tuni: zango. Asalinsa wurin da matafiya ke sauke kaya su kwana, daga nan ya zama tsawon tafiyar da ke tsakanin sauka da sauka. Kuma kullum muna ji a labarai ana cewa makami mai linzami mai cin dogon zango, babu wanda ke tsayawa neman fassara. Saboda haka "throw" ya zama cin zango, "thrower" ta zama tocila mai cin zango. In ka auna, sai ka ce zangonta mita kaza ne.

Wata ɗalibar kimiyya: Malam, a gafarce ni, ni "tsini" ya zo mini a rai. Haske mai tsini, tocila mai tsini. Wanda ya taɓa ganin irin tocilar nan da dare, abin da idonsa ya fara kamawa ke nan, sandar haske siririya kamar mashi. Zango kuwa ba a ganinsa da ido.

Malamin Hausa: Madalla, 'yata, kalma ce mai kyau, kada a yar da ita. Amma bari maƙerin tocilar ya gaya mana: duk mai tsini ce mai nisa?

Mai tambaya: A'a Malam, kuma nan ne na sha wahala kafin in gane. Ka naɗe takarda ka zura tocila mai rauni a ciki, hasken zai fito siriri, amma ko taku ɗaya bai ƙara nisa ba. Gefen kawai ka yanke. Abin da ke kawo nisa abu biyu ne: zafin hasken da ke tashi daga kowane ɗan ɗigo na fuskar ƙwan, da faɗin kwanon madubin da ke tattara shi. Shi ya sa ƙaramin ƙwai mai zafi ke kayar da babba mai yawan lumen, shi ya sa kuma wasu ke ɓare ɗan ƙoƙon robar da ke kan ƙwan don ya ƙara ƙanƙancewa a idon madubin. Kwanon ma sai mai santsi. Mai ƙuraje-ƙuraje kamar ɓawon lemo yana gyara kyan hasken, amma yana rage nisa. In ka ninka faɗin bakin kwano sau 2, filinsa ya ninku sau 4, kandela ta ninku kusan sau 4, nisa kuma sau 2 kacal. Tsinin yana biyo baya ne, don ƙaramin ƙwai a babban kwano dole ya ba da siririn haske.

Wata ɗalibar kimiyya: Na yarda. Ke nan tsini siffar sandar ce, zango kuma aikin da ta yi. Kuma zangon yana da lissafi tsayayye, ba ƙiyasin ido ba ne. Ma'aunin ANSI FL1 na 2009, wato ƙa'idar auna tocila ta Amurka, ya ce zangon tocila yana ƙarewa inda hasken ya sauko zuwa luks 0.25 (luks shi ne ma'aunin hasken da ke sauka a kan abu), kwatankwacin hasken farin wata a daren sha huɗu. A ce ka tsaya mita 5 daga na'urar awo ka sami luks 4,000. Ka ninka da 25, wato nisan mita 5 sau kansa, ka sami kandela 100,000. Ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 100,000, wato kusan 316, ka ninka da 2: mita 632 ko kusa da haka. Mai son kilomita 1 cur sai ya nemi kandela 250,000.

Mai gyaran lantarki: Wannan lissafin na takarda ne, ƙanwata. Hasken farin wata a kan abin da ke mita 600 daga gare ka ba zai nuna maka komai ba, ga ƙura da hazo suna dawo maka da hasken cikin ido. Ni in aka rubuta lamba a jikin kwali, rabi nake ɗauka, wani lokacin ma ƙasa da haka. Amma na sallama, zango ya fi harbina. Har ma ya ba ni hanyar faɗin abin da nake nufi: zangon kwali daban, zangon ido daban.

Malamin Hausa: Ka ga alamar kalma ta zauna ke nan, tun ba a tashi ba har ka fara yi mata 'ya'ya. Abu ɗaya zan ƙara: kada a sa "dogon" sai a inda ake kwatantawa. Tocila mai cin zango ta wadatar a matsayin suna. Kishiyarta, wadda ke watsa haske ko'ina, a ce mata mai baza haske.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Malam. Saura biyu ƙanana. Da'irar nan mai zafi ta tsakiya da suke kira "hotspot" na sa mata cibiya, hasken gefe mai rauni da suke kira "spill" kuma na rasa.

Wata ɗalibar kimiyya: Cibiya ta yi. Na gefen, rara? Shi ne hasken da ya fita kai tsaye bai taɓa madubi ba.

Mai gyaran lantarki: Rara kamar an ce ba shi da amfani, alhali da shi kake ganin inda za ka taka. Ni geza zan ce, kamar ta zaki.

Mai tambaya: Geza ta kwanta mini a rai, zan riƙe ta kafin Malam ya yanke. Ga abin da na tura wa ƙanen nawa yanzu: "In ka ga duhu a tsakiyar cibiya, ƙwan bai zauna daidai a gindin kwano ba. Ka goge ɗan zoben robar da ke tsakaninsu kaɗan-kaɗan, ko ka ƙara masa kauri, kana gwadawa a bango mai nisa, har cibiyar ta cike. A nan zangon yake ɓoye." Ya karanta, bai tambaye ni ma'anar ko kalma ɗaya ba, sai cewa ya yi in aiko masa da zoben.