Tambaya 10 ta "gaskiya ko ƙarya": in yi canki-canka ko in biya kuɗin darasi?

Ɗan Agege: Salam 'yan uwa. Ranar Asabar zan rubuta jarrabawar neman aikin sito a wani kamfani a Apapa, Legas. Akwai sashe na tambaya 10, gaskiya ko ƙarya, kan dokokin tashar jirgin ruwa, sai ka ci 7. Ban san komai a kai ba. Wani ya ce in ba shi 15,000 ya koya min. In biya, ko in canka?

Mai Gwanjo: Ai rabi da rabi ne, ko ka ci ko ka faɗi. Riƙe kuɗinka.

Malamin Lissafi: A tambaya ɗaya ne rabi da rabi. Goma kuwa, 2 sau 2 har sau goma, hanya 1,024 ke nan. Cin 7 daidai, zaɓen ukun da za ka faɗi ne: 10×9×8 a raba da 6, ya ba da 120. Cin 8 hanya 45, cin 9 hanya 10, cin duka hanya 1. Jimla 176 cikin 1,024, wajen kashi 17 cikin ɗari. Amma in ka tabbatar da 4, saura 3 cikin 6, wato 42 cikin 64. Ka ga bambanci.

Baban Ummi: Ni canki-canka ne ya kashe ni bara. Ashe duk wadda ka faɗi cire maki suke yi, ba wanda ya gaya mana. Tun asuba na baro Mile 12, gosulo ya riƙe ni awa uku, ga 40,000 da na ba dillalin aiki, kuɗin ɗinkin sallar yara. Har yau lambarsa a kashe.

Maman Hanif: Allah ya isar maka. 15,000 kuma? A Idi-Araba 5,000 ƙanena ya biya.

Mai Gwanjo: Hajiya, wannan farashin kafin cire tallafin mai ne. Malam kuma, ka taɓa neman aiki a Legas, ko allo kawai ka sani?

Malamin Lissafi: Lissafi bai san Legas ba, ɗan'uwa.

Sarkin Zolaya: Ka danna "gaskiya" duka goman, ko ka faɗi dai ba a ce ka yi ƙarya ba 😂

Baban Ummi: Ku bar wasa. Dillalan nan su ne matsalar. Kuɗin fom daban, kuɗin "ganin oga" daban.

Maman Hanif: Wallahi maƙwabcinmu 60,000 suka karɓe masa, wai aikin gadi a Lekki.

Ɗan Agege: To ni dai, in biya ne ko kada in biya?

Mai Gwanjo: Baban Ummi, dillalin naka wani gajere ne mai zama wajen Ijora?