Haɗa makirufo da tab don naɗar karatun Malam

Ɗalibi, Ƙofar Doka: Assalamu alaikum jama'a. Malaminmu yana karantar da fiƙihu bayan magariba a zaurensa, shekaru kuma sun ja, muna so mu adana karatun nan. Wani bawan Allah ya ba mu makirufo AT2020, mai ƙafa uku a gindi. Na sayo waya, kai ɗaya a makirufo, ɗayan a ramin abin kunne na tab ɗina ta Samsung. Ko tari ba ya ɗauka. Ina matsalar take?

Mai sitidiyo, Sabon Gari: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan wayar ba za ta yi ba ko ka canja goma. AT2020 kondensa ne, wato irin makirufon da ke ɗaukar ko ƙaramin sauti, amma ba ya jin komai sai an tura masa wuta mai bolt 48 ta wayar XLR, wato wadda ke shiga ƙafafu ukun nan na gindinsa, ramin abin kunne kuwa ba ya bayar da ita. Sai ka sa ɗan akwatin sauti a tsakani, wanda muke kira intafes. Behringer UMC22 ya fi sauƙin kuɗi, Focusrite Scarlett Solo ya fi shi tsabtar murya, dukansu suna da maɓallin 48V. Makirufo ya shiga intafes, intafes ya shiga tab ta USB-C da mahaɗin OTG, wato ɗan abin da ke jona kayan USB da tab. Ka haɗa makirufo tukuna kafin ka kunna 48V, in za ka cire kuma ka fara kashe 48V ɗin.

Injiniya, Samaru: Ƙari a kan maganar Oga: wasu tab ɗin ba sa iya ciyar da intafes wuta, za ka ga fitilarsa tana ƙyaftawa tana mutuwa. Maganinsa hob, wato mahaɗin USB mai ramuka da yawa, mai karɓar wuta daga fawa bank. Tunda tab ɗinka tana da ramin abin kunne, akwai kuma iRig Pre 2, ɗan akwatin da ke shiga ta ramin, batir AA biyu yake ci, shi ma yana ba da 48V.

Malama, Kongo: Ni dai ku gafarce ni, kondensa a zauren cikin gari wahala ce. Na gwada lokacin da nake naɗar darasi wa ɗalibaina. Da na saurara, fanka tana ciki, babur ɗin da ya wuce yana ciki, har kukan akuyar maƙwabta ya fito fes, muryata kuma can nesa kamar daga rijiya. Na koma Samson Q2U, dainamik ne, wato irin makirufon da bai cika kwasar hayaniyar nesa ba, yana shiga USB kai tsaye ba ruwansa da intafes. Ka ajiye shi kamar taƙi ɗaya daga bakin Malam, shi kenan.

Mai sitidiyo: Gaskiya ce, Malama. Amma tunda kyauta aka ba su, kada su yar. A kashe fanka, a matso da shi kusa, a rage ƙarfin ɗauka har jar fitilar intafes ta daina kamawa. Tabarmi da dardumar zaure ma suna shanye amo. Ga hunturu yana tafe, a riƙa mayar da shi jaka, ƙura tana cutar da kondensa.

Injiniya: Kada ka naɗa tab tana caji da janareta, wani zuuu zai bi karatun tun daga bismilla har addu'a. Manhaja kuma ka gwada USB Audio Recorder Pro, ka ajiye a WAV, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti. Wanda za a tura WhatsApp sai ka mayar da shi MP3, na asali ya zauna a katin ajiya.

Ɗalibi: Allah Ya saka muku da alheri. Yaya, intafes zan nema. Amma ta yaya zan tabbatar tab ɗina za ta karɓa kafin in biya kuɗi?

Mai sitidiyo: Kawo ta shago ranar Alhamis bayan la'asar tare da makirufon, mu jona a nawa ka ji da kunnenka. Ka cika mata caji kafin ka taho.