Neman shawara: yaya ake soya barkonon shishito na Japan?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe a Japan. Muna zaune a Tsukuba, maigidana yana karatu. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu mai ɗan lambu a bayan gida, jiya ta kawo mini leda cike da wani koren barkono da suke kira shishito. Tsawonsa kamar yatsa, siriri, fatarsa a yamutse tana sheƙi. Na ɗanɗana ɗaya ɗanye, babu yaji ko kaɗan, ya fi kama da koren tattasai a baki. Ta yi mini nuni da hannu wai a soya a ci haka nan, amma har yanzu ban iya yarensu sosai ba, sauran bayanin ya wuce ni.

To yaya ake yinsa ya zama abin taɓawa da yamma? Ana cire 'ya'yan da hancin? Kuma na ji an ce wani yakan fito da yaji, ga shi ina da yara, ƙaramar shekararta huɗu. Ba na so kyautar baiwar Allah nan ta lalace a firij, na kuma san za ta tambaye ni yadda muka ji shi.

Anti Bilki, Osaka:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin samu maƙwabciyar kirki, yanzu ne lokacinsa, da zafi yake yi. Abu na farko, ki cire shi daga sahun barkonon miya. Ba a jajjaga shi, ba a markaɗa shi, ba a cire komai a jikinsa. 'Ya'yan masu laushi ne, ana cinye su. Hancin kuma shi ne mariƙi, da shi ake ɗauka a kai baki, sai a ajiye shi gefen faranti.

Ki wanke, ki goge da tsumma ya bushe ƙarau. Wannan ne wurin da mutane ke yin sakaci, domin in akwai sauran ruwa a jiki sai mai ya yi ta fallatsi, barkonon kuma ya turaru ya yi laƙwas. Sai ki huda kowanne da tsinken sakace ko bakin wuƙa. Cikinsa iska ce, in ta ɗauki zafi babu hanyar fita sai ya fashe, ya watso miki mai.

Ki ɗora kasko mai kauri a wuta mai ƙarfi, ya yi zafi sosai kafin ki zuba mai cokali ɗaya kacal. Ki baza barkonon kowanne ya taɓa ƙasan kasko, kada wani ya hau kan wani; in yana da yawa ki raba shi biyu. Daga nan ki ƙyale shi kamar minti ɗaya ko biyu, kada ki yi ta juyi. Za ki ji yana ƙara tas-tas, fatar ta kumbura, ta yi fari-fari, sannan baƙaƙen tabo su fito. Wannan tabon shi ake nema, ba ƙonewa ba ne, a nan ƙamshin yake. Ki juya ɗaya gefen. Duka-duka minti huɗu zuwa shida ya isa. Ki kwashe tun yana kore, ki barbaɗa gishiri, ki matsa lemun tsami. A ci da zafinsa, in ya huce yakan saki.

Ummu Khalil:
Ni ba na hudawa kuma bai taɓa fashe mini ba, tunda man kaɗan ne.

Anti Bilki, Osaka:
Ummu Khalil, Allah ne ya tsare. A kasko mai ɗan mai sau da yawa akan tsira, amma in cikin mai mai yawa ne, kamar in za a yi tempura, wato a tsoma shi a ƙullin fulawa a soya, hudawa dole ce. Da yara suna zagaye ta a kicin, gara ta huda.

Baban Sadik:
Maman Hanifa, maganar yajin gaskiya ce. Abin da aka saba faɗa shi ne kusan ɗaya cikin goma. Shukar ce in ta sha wahala, zafi ya yi yawa ko ruwa ya yi mata ƙaranci, sai wasu 'ya'yanta su tara yaji, shi ya sa na lambun gida yakan fi na kanti yawan ba-zata. Na kanti da yawa daga lardin Kochi yake zuwa, su ne kan gaba wajen noma shi a ƙasar. An kuma lura cewa mai yajin yawanci 'ya'yan cikinsa kaɗan ne. Ki ɗan matsa shi da yatsa, wanda kika ji cikinsa fayau, ko ya lanƙwashe ya murɗe, ki ware wa manya. Alamar tana taimakawa amma ba ta da tabbas, don haka na ƙaramar ki fara gutsurar gefen hancin ki ji kafin ki miƙa mata, a can yajin ya fi taruwa. In ta ci karo da shi, madara ko yogot za ki ba ta, ruwa ba ya kashe shi.

Sannan ki duba ƙarƙashin murhun gas ɗinku, yawancin gidajen nan akwai ɗan akwatin gasa kifi. Ki jera barkonon a tsinke kamar tsire, ki shafa mai, ki tura ciki. Haka masu gasa kaza a tsinke suke sayar da shi. Ni yajin ƙuli nake barbaɗa masa yana fitowa, da shayi bayan la'asar ba a cewa komai.

Hajiya Mairo:
'Yata, ga abin da nake so ki kiyaye. In maƙwabciyar ta koya miki irin nasu, za ta ce ki zuba shoyu, ruwan waken suyan nan mai gishiri, ki barbaɗa katsuobushi, wato busasshen kifi da aka kankare siriri kamar takarda. Kifin babu matsala, yana da daɗi ƙwarai. Amma da yawan girkinsu ana sa mirin, wani ruwan ɗanɗano mai zaƙi da ake yi da shinkafa, kuma mirin na asali yana da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari. Haɗaɗɗun ruwan ɗanɗano na kwalba su ma sau da yawa yana ciki. Ki riƙa duba bayan kwalba, in kin ga みりん (mirin) ko 酒 (barasa) ki ajiye. Shoyu kuma akwai mai tambarin halal a shagunan halal. In zaƙin mirin ake nema, rabin ƙaramin cokali na sukari ko zuma a cikin shoyu ya wadatar. Ki zuba bayan kin kashe wuta, da ɗan man riɗi da soyayyen riɗi.

Ƙanin Amarya, Kano:
Mu da muke gida fa, za mu iya yi da ɗanyen attaruhu ko shambo?

Baban Sadik:
Malam, kada ka gwada da attaruhu. A ma'aunin yaji na Scoville shishito yana tsakanin 50 da 200, dangin attaruhu kuwa daga 100,000 suke farawa. Ka nemi ƙananan koren tattasai, ka yanka a tsaye, ka bi hanyar Anti Bilki. Fatarsa ta fi kauri, sai ka ƙara masa minti biyu ko uku.

Abu Yasir:
Mu ma a nan Sifen akwai ɗan uwansa, barkonon Padron na yankin Galisiya. Man zaitun da gishiri mai tsakuwa kawai ake sa masa, shi ma wani da yaji wani babu.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na soya rabi yadda Anti ta ce, yaran sun cinye nasu har suna neman ƙari. Sauran rabin fa, kwana nawa zai yi? Wasu sun fara yin ja daga ƙarshensu.

Anti Bilki, Osaka:
Madalla. Kada ki wanke shi sai za ki soya. Ki naɗe a takardar goge hannu, ki sa a leda, ki ajiye a aljihun kayan lambu na firij, ba ya son sanyi mai tsanani. Zai kai mako guda. Masu jan nuna suke yi, ana ci, har sun fi zaƙi, sai ki fara da su gobe.