Shin korar Jimbo Fisher daga Jami'ar Texas A&M ta dace?

Baban Khalifa, Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na san yawancinmu a nan gasar Ingila da ta Sifaniya muke bi, amma akwai 'yan tsiraru da ke raba dare suna kallon ƙwallon Amurka ta jami'o'i, wadda ake rungumar ƙwallo a hannu kamar zari-ruga, kuma su nake roƙo su haska mini wani al'amari. A ranar 12 ga Nuwamba, 2023, Jami'ar Texas A&M ta sallami babban kocinta, Jimbo Fisher, kwana ɗaya tak bayan yaransa sun lallasa Mississippi State da ci 51 da 10, kuma saboda sharuɗɗan kwantiraginsa ya zama wajibi a biya shi sama da dala miliyan 75, diyyar da ba a taɓa biyan wani kocin jami'a irinta ba kafin lokacin. Mutumin nan ya ci wasa 45 ya sha kaye a 25 a zamansa na can, kuma shi ne ya ɗaukar wa Florida State kofin ƙasa a kakar 2013. Ta yaya za a ce korar mai irin wannan tarihi, a kan irin wannan kuɗi, shawara ce ta hankali?

Ɗan Fagge:

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Ni a ganina korar ta dace, kuma da a ce ba kuɗin diyya ne ya ɗaure wa mahukunta hannu ba, da tun ƙarshen kakar 2022 aka sallame shi. Alƙaluman 45 da 25 suna da kyau a ido, sai dai ba don ya riƙa cin wasa takwas a shekara aka ɗauko shi daga Florida State a Disambar 2017 a kan dala miliyan 75 na shekara 10 ba. An ɗauko shi ne don ya kawo kofi, alhali ko wasan ƙarshe na SEC, wato rukunin jami'o'in da suke fafatawa a ciki, bai taɓa kai su ba. Shekara ɗaya ce ya haskaka, wato 2020, da suka ci wasa 9 suka faɗi 1 suka kuma ƙare a matsayi na huɗu a ƙasar. Bayan nan abin da ya rage a baki shi ne doke Alabama da ci 41 da 38 a Oktoban 2021, kuma wasa ɗaya, ko na wane ne, ba ya riƙe wa mutum kujera.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kakar 2022. A shekarar ce suka ɗebo sababbin 'yan wasa daga makarantun sakandare da masana suka sa a matsayi na ɗaya a duk Amurka, amma Appalachian State, ƙungiyar da aka gayyato ana ganin ta zo cin kaye ne, ta doke su da 17 da 14 a gidansu, suka kuma rufe kakar da nasara 5 da kaye 7. Ƙari a kan haka, tun daga Oktoban 2021 har ranar da aka kore shi bai sake cin wasa a filin abokan hamayya ba, sau tara a jere yana fita yana dawowa hannu rabbana. Daraktan wasanni na lokacin, Ross Bjork, ya ce ƙungiyar ta tsaya cak, ba gaba ba baya, kuma duk wanda ya kalli yadda suke kai hari a shekarun nan biyu ba zai musa masa ba.

Maman Ummi, Kabuga:

Malam Ɗan Fagge, ban ƙi hujjojinka ba, amma ina ganin ka tsaya a kan ranar kora ka bar ranar da aka yi ainihin ɓarnar. A shekarar 2021, saboda murnar kakar da ta gabata da kuma fargabar kada wata jami'a ta janye shi, mahukunta suka tsawaita kwantiraginsa har zuwa 2031, suka ɗaga albashinsa ya haura dala miliyan 9 a shekara, suka kuma lamunce masa kuɗin gaba ɗaya, ba tare da sharaɗin a rage ko sisi ba idan ya sami wani aiki. Waɗanda suka sa hannu a wannan takarda su ne ya kamata a fara tuhuma, domin sun ba mutum tabbacin cewa ko ya yi nasara ko bai yi ba, kuɗinsa na nan daram, sannan bayan shekara biyu su ne kuma suka fito suna cewa aiki ba ya tafiya.

Sannan ina jan hankalinku ga Jami'ar Nebraska, domin kora ba ta zama magani don kawai magoya baya sun gaji. A 2003 suka sallami Frank Solich yana da nasara 9 da kaye 3, a 2014 suka sake sallamar Bo Pelini da irin wannan sakamako, duk da sunan neman wanda ya fi su, daga bisani kuma ƙungiyar ta shafe shekaru tana ƙare kaka da kaye fiye da nasara. A ƙarshe dai jami'a ce, wurin karatu da bincike, kuma ni a matsayina na malama ba na iya jin an ware irin wannan dukiya don mutum ɗaya ya zauna a gida ba tare da raina ya sosu ba.

Abu Sadik, Unguwar Nasarawa:

Malama, Allah ya ƙara basira, maganarki a kan kwantiragin 2021 ita ce gaskiyar lamari, kuma ba ni da abin ƙarawa a kai. Inda nake so in ɗan yi gyara shi ne batun tushen kuɗin. Jami'ar ta bayyana cewa daga gidauniyar 12th Man, wadda tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni ke zuba wa gudummawa, da kuma kuɗin shigar sashen wasanni za a biya, kusan dala miliyan 19 a tashin farko, sauran kuma kashi-kashi duk shekara har 2031. Ana iya cewa da attajiran sun ba ɗakin karatu da ya fi, kuma na yarda, amma sun bayar ne saboda ƙwallo.

Na yi karatu a jihar Texas, kuma na taɓa shiga filinsu na Kyle Field da ke garin College Station, wanda ke ɗaukar mutum sama da 100,000. Tun tsakar daren Juma'a dubban ɗalibai ke taruwa a filin suna bitar kirarin da za su yi washegari, ranar wasa kuwa ɓangaren ɗalibai a tsaye suke tun daga busa ta farko har ta ƙarshe, babu mai zama. Waɗannan mutane da iyayensu su ne ke sayen tikiti da ba da gudummawa, kuma ranar da suka yanke ƙauna asarar da za a tafka a shekara uku ko huɗu tana iya kusantar diyyar da ake gudu. Shi ya sa ma aka yi korar a Nuwamba ba a jira ƙarshen kaka ba, domin a Disamba ne sababbin 'yan wasa ke sa hannu, a watan ne kuma aka buɗe wa 'yan wasa ƙofar sauya sheƙa a 2023, don haka dole sabon koci ya iso kafin a watse. Kuma idan akwai Nebraska, akwai Georgia, wadda ta rabu da Mark Richt a 2015 yana da nasara 9 da kaye 3, ta ɗauko Kirby Smart, ya kawo mata kofin ƙasa a kakar 2021 da ta 2022. Ita ma Texas A&M wanda ya san gidan ta ɗauko, Mike Elko, tsohon mai tsara tsaron ƙungiyar a ƙarƙashin Fisher, bayan ya nuna bajintarsa a Duke.

Baban Khalifa, Gwammaja:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na gamsu cewa a Nuwamban 2023 barin Fisher a kujera ya fi korarsa haɗari, amma ina tare da Malama a kan cewa hakan bai wanke waɗanda suka rubuta kwantiragin ba. Wani abu da ya tsaya mini a rai shi ne bambancin da ke tsakaninsu da mu: a gasarmu ta Najeriya ana sallamar koci bayan wasa biyar ko shida, ya koma yana bin bashin albashinsa a gaban kwamitin sasantawa na hukumar NFF, su kuwa can kwantiragi ya yi ƙarfin da jami'a ke tsoron kocin da ita ta ɗauka aiki. Abu Sadik, tunda ka fi mu kusa da lamarin, ina so ka bayyana mana irin sharuɗɗan da aka sa wa Elko, musamman ko an rage yawan kuɗin da aka lamunce, an jingina sauran da sakamakon da ya kawo a fili.