Ina jirgin Galileo na Star Trek ya shiga bayan an daina shirin?

Kafintan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Ni kafinta ne, shekarata 19 a sana'ar. Ban da kujeru da gadaje, nakan yi wa masu ɗaukar wasan kwaikwayo bango da ƙofofi, irin waɗanda ake kafawa a ɗauki hoto sannan a kwance su. Makon jiya ɗana ya kunna min tsohon Star Trek na shekarun 1960, shirin talabijin na Amurka kan tafiya sararin samaniya, a wayarsa. Akwai wani ƙaramin jirgi da suke kira Galileo, ya sauka a wata duniya, ƙofarsa ta buɗe, mutane suka fito suna zagaya shi. Shi yaron labarin yake bi, ni kuwa idona na kan haɗin kusurwoyin jirgin. Sau uku na sa shi ya mayar baya.

Da gaske an ƙera abin nan da girman da mutum zai shiga, ko dabarar kyamara ce? In an ƙera shi, yana ina yanzu?

Ba haka kawai nake tambaya ba. Shekara huɗu da suka wuce na yi wa wasu ƙofar fada, kwana 12 ina kanta, har da zanen dagi da na sassaƙa da hannuna. Da aka gama ɗauka sai aka jingine ta a bayan wani shago. Damina ɗaya ta kumbura ta, gara ta ƙarasa sauran. Ranar da na bi ta wurin, guntun dagin na gani mai shayi yana hura wuta da shi. Har yau abin na ci min rai.

Malam Danjuma K.:

Wa alaikumus salam, Maigida kafinta. Idonka bai yaudare ka ba, na gaske ne. Tsawonsa ya kai kusan mita 7. An ƙera shi a 1966 a birnin Phoenix na jihar Arizona, kuma ba masu shirin ne suka biya ba, don kuɗinsu bai kai ba. Kamfanin AMT, mai yin ƙananan motocin roba da yara ke harhaɗawa, shi ya ɗauki nauyi, a madadin haka aka ba shi izinin sayar da samfurin babban jirgin shirin mai suna Enterprise. Wanda ya jagoranci aikin, Gene Winfield, mai sauya wa motoci fasali ne. An fara ganin jirgin a talabijin a watan Janairun 1967.

Ga wani abu da zai ba ka sha'awa a matsayinka na mai wannan aiki. Cikin jirgin da kake gani a shirin ba cikin wannan ba ne, ɗaki daban aka gina. Na wajen gajere ne, dogon mutum ba ya iya miƙewa a ciki.

Bayan an tsayar da shirin a 1969 sai aka bayar da shi kyauta ga wata makarantar makafi a Los Anjalas. Daga can ya koma hannun wani mutum da ya girke shi a ƙofar gidansa, rana da raɓa suna dukansa. A shekarun 1980 wani ya ɗan gyara shi aka nuna a taron masoya shirin. A 1989 wata mata ta saya ta kai shi jihar Ohayo da niyyar gyarawa, gyaran bai kammalu ba. Shekara da shekaru masu nemansa suna ta cigiya, wasu ma sun haƙura sun ce an fasa shi. Kwatsam a 2012 sai ga shi a gwanjo. Wani mai tara kayan shirin, Adam Schneider, ya saya a kan dala dubu 70 da 'yan kai.

To ka san wa ya kai wa gyaran? Masu gyaran jiragen ruwa na katako, a jihar Niyu Jazi. Ya duba ya ga abu ne mai ƙashin ƙarfe da jikin katako wanda ruwa ya ci, waɗanda suka san maganin wannan kuwa su ne. Ana farkon aikin guguwar Sandy ta afka wa gaɓar a watan Oktoban 2012, amma jirgin ya tsira. Wata tara aka yi ana aiki, sannan a ƙarshen Yulin 2013 aka buɗe shi ga jama'a a cibiyar baƙi ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da ke Hustan.

Hajiya Maman Iman:

Malam Danjuma, Allah ya ƙara sani. Amma akwai inda nake da ja. Na ga hotunan jirgin kafin gyara, jikinsa ya ruɓe, har ƙashin ƙarfen ana hangowa. Yawancin katakon da ke jikinsa yau sabo ne. To wanda aka kai Hustan, shi ne na 1966, ko sabo ne aka ɗora a kan tsohon ƙashi?

Na yi shekaru ina aikin adana tsofaffin takardu, kuma darasin farko da aka koya mana shi ne kada ka sake abin da za ka iya tsayar da lalacewarsa. Ku dubi abin da ya faru da samfurin Enterprise mai tsawon ƙafa 11 da aka ɗauki shirin da shi, wanda aka bai wa gidan tarihin Simitsoniyan na Amurka a 1974. A farkon shekarun 1990 an yi masa gyara aka lafta masa fenti mai layi-layi da duhu, masoya shirin suka yi ta ƙorafi cewa ba haka yake ba. Sai tsakanin 2014 da 2016 aka sake zama a kansa a tsanake. An ɗauki hoton cikinsa da na'urar duba ƙashi, aka bi fentin hawa-hawa har aka kai na asali, aka mayar da shi kamanninsa na 1967. Saman sashen jirgin mai kama da faifai, inda fentin farko ya rage, ba su shafe shi ba. Gefen hagu ma, wanda tun asali ba a ƙawata ba saboda ta nan wayoyin lantarki ke fita kuma kyamara ba ta kallonsa, ba su ƙirƙiro masa adon da bai taɓa samu ba. Ni wannan nake kira adanawa.

Malam Danjuma K.:

Hajiya, maganarki dutse ce. Sai dai shi Enterprise tun 1974 yana cikin ɗaki a ƙarƙashin rufi, shi kuwa Galileo ya yi shekaru a waje. Abin da ya riga ya zama gari ba a tsayar da lalacewarsa. Ko a sa sabon katako a bi tsofaffin hotuna, ko a bar ƙarfe tsirara.

Kuma waɗannan hotunan su ne ginshiƙin duk harkar, har wajen gane na gaske da na jabu. Akwai ƙaramin samfurin Enterprise mai tsawon ƙafa 3 da ya ɓace tun ƙarshen shekarun 1970. A ƙarshen 2023 sai ga shi a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, waɗanda suka saka shi sun same shi ne cikin kayan wani ɗakin ajiya da suka saya a gwanjo. Masana suka gwada shi da tsofaffin hotuna suka tabbatar shi ne, a Afrilun 2024 aka miƙa shi ga ɗan Gene Roddenberry, mutumin da ya ƙirƙiro shirin.

Ɗan Jos:

Ku bari in sa baki, duk da nawa ba jirgi ba ne. Mu nan garinmu an taɓa tsintar irin wannan dukiya. BBC ta goge kaset ɗin tsofaffin shirye-shiryen wasan kwaikwayonta na talabijin mai suna Doctor Who da yawa don ta sake amfani da su, amma kafin nan ta aika kwafi zuwa gidajen talabijin na ƙasashen waje, har da Najeriya. A 2013 aka sanar cewa wani Bature mai bin sawun tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Kashi tara daga cikinsu duniya ta riga ta cire rai da su, na 1967 da 1968. Ba wanda ya yi musu wata hidima, kawai suna kan kanta a ɗaki mai rufi, ba a zubar da su ba. Duk lokacin da na tuna sai in ce, su wa suka bi namu na Hausa na wancan zamanin da irin wannan cigiya?

Kafintan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa ɗana duka, ya ce in tambaya ko ana barin yara su leƙa ciki.

Hajiya, a kan tambayarki, ni a wurina ƙashin shi ne abin. In aka kawo min kujerar kakan mutum na sauya mata yadi da soso, mai ita kujerar kakansa yake gani, muddin ƙafafun da haɗin na da ne. Amma na karɓi gyaranki: abin da na cire ba zan ƙara yarwa ba, zan ɗaure shi in bai wa mai kaya.

Yanzu haka akwai karagar mulki da na yi wa wasu bara, tana tsakar gidan wani an lulluɓe ta da buhu. Na yi masa waya ɗazu, ya ce in zo in ɗauka in ina so. Gobe da safe zan nemi mai kura. Malam Danjuma, kafin in taɓa komai a jikinta, hoto ta fuska nawa ya kamata in ɗauka?