Wai annoy da irritate duk abu ɗaya ne? Muhawara a zauren 'yan unguwar Aboabo ta Kumasi, Ghana

Kawu: Salamu alaikum. Ni fa a ganina wahalar banza ake ba yara kan annoy, irritate, provoke da infuriate. Duka ɓata rai ne. Bature ne kawai ya tara kalmomi don ya rikita mu.

Ticha: Wa alaikumus salam. Kawu, da girmanka, ban yarda ba. In ƙurar hunturu ko hayaƙin bola ya shiga idonka, irritate ake cewa, ba mai cewa annoy. Ita irritate tana taɓa jiki, tana taɓa zuciya. A zuciyar ma ƙaramin abu ne mai naci, irin yaron mota da ke dukan ƙofar trotro, wato motar haya, yana ta ihun Kejetia, Kejetia a kunnenka. Annoy kuwa a rai kaɗai take aiki.

Auta: Ticha, infuriate fa?

Ticha: Wannan ta yi nisa. 'Yar'uwar fury ce, mutum ya fusata har jikinsa na rawa. Ita da enrage layinsu ɗaya.

Hajiya: Ku bar min provoke, na san ta a kasuwa. Tsokana ce. Ruwan sama yana iya ɓata maka rai ranar ciniki, amma bai tsokane ka ba. Wanda ya zo gaban teburinka yana kushe kayanka don ka tanka, shi ne ya yi provoke.

Ticha: Haka ne Hajiya, ita martani take nema. Shi ya sa ake haɗa ta da dariya ko gardama ma, ba fushi kaɗai ba.

Kawu: Duk wannan na cikin aji ne. Daga Asawase har Alabar wa ke faɗin su? I vex, ko I bore, an gama magana.

Ɗan KNUST (jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi): Kawu, ai nan gizo ke saƙa. A brokanmu na Ghana bore fushi ne, a Ingila kuma gundura ce. Ka ce wa Bature ya yi boring ɗinka, zai ɗauka hirarsa ce ba daɗi, alhali kai wuta kake ci. Vex kuma a can ta zama ta tsofaffi da littattafai, mu ne muke cin kasuwarta kullum.

Auta: To aggravate? Na gan ta a tsofaffin tambayoyin WASSCE, jarrabawar gama sakandare, wurin da ake neman kalma mafi kusa a ma'ana.

Ticha: Tsanantawa take nufi. Ciwo ne ka fama shi, ko rigima ka ƙara mata fetur. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin nauyi. Masu sa ta a gurbin annoy kuskure suke yi.

Ɗan KNUST: A nan kam na saɓa maka, Ticha. Tun ƙarni na 17 Turawa ke amfani da ita da ma'anar ɓata rai, kuma ƙamus na Oxford da na Merriam-Webster duk sun kawo wannan ma'anar. Masu tsaurin nahawu ne suka ƙi ta.

Ticha: Sun kawo ta, amma duba da kyau, Oxford na ɗalibai ya yi mata alamar maganar hira ce. Ka rubuta ta a wasiƙar neman aiki ko gaban mai makin WAEC, kai ka jiyo. Auta, in haƙuri ne ya ƙare bayan an yi ta fama da mutum, exasperate za ki sa.

Kawu: Kun gani ko? Ku masu bokon ma kanku bai haɗu ba.

Hajiya: A kan kalma ɗaya suka rabu, Yaya. Sauran fa?

Kawu: Sauran ma ina nan kan bakana.

Auta: Ticha, in zaɓin ya zo da worsen da annoy a tare, wanne zan ɗauka?

Ticha: Karanta jimlar tukuna. In ciwo ne ko matsala ke bin kalmar, worsen. In mutum ne, annoy.