Ɗana zai shiga aji na 7 kuma shirin bayan tashi daga makaranta ya cika, me kuka yi?

Maman Sadik: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Kalifoniya ta Amurka, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, ba na tashi sai ƙarfe 5:30 na yamma. Tun yana aji na 4 ɗana yake zama a makaranta bayan an tashi, a ƙarƙashin shirin ELOP da jiha take ɗaukar nauyinsa, ban taɓa biyan ko sisi ba. Bana zai shiga aji na 7 a makarantar tsakiya, sai aka sanar da ni cewa kuɗin ELOP ya tsaya ne a aji na 6, kuma shirin ASES (wani shirin bayan tashi daga makaranta na jihar) da sabuwar makarantar take da shi ya cika, an sa sunansa cikin masu jira. Wata cibiya mai zaman kanta ta nemi dala 380 a wata. Shin in biya, ko in rage awannin aikina, ko kuwa in ba shi makulli ya riƙa zama a gida shi kaɗai? Shekarunsa 12.

Baban Yusra: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki biya kowa komai, wannan abu kyauta ne. 'Ya'yana biyu sun yi shirin bayan tashi daga makaranta na SONYC tun daga aji na 6 har na 8, takarda kawai na cike.

Malam Habu: Baban Yusra, SONYC na birnin New York ne, magajin gari de Blasio ya faɗaɗa shi a 2014, ita kuma a Kalifoniya take. Na yi shekara biyar ina aiki a irin wannan shiri a jihar. ASES ya samo asali ne daga ƙuri'ar jin ra'ayi mai lamba 49 ta shekarar 2002, wadda Arnold Schwarzenegger ya tallata kafin ya zama gwamna, kuma ana ba kowace makaranta kuɗi ne gwargwadon ƙayyadajjen adadin yara, shi ya sa gurbi yake ƙarewa da wuri. A makarantar tsakiya ana fifita yaron da zai riƙa zuwa kullum, saboda haka ki gaya musu a rubuce cewa Sadik zai zo kwana biyar a mako. A inda na yi aiki, yara da yawa kan daina zuwa cikin makonnin farko, sai a kira na gaba.

Hajiya Binta: 'Yar'uwa, duk abin da za ki yi, kada ki ɗora rayuwarki a kan alkawarin kuɗin gwamnati. Mu a Ohio da kuɗin tallafin korona aka buɗe wa yaranmu shiri mai kyau, da malamin lissafi da ƙwallo da abin taɓawa, har na karɓi aikin yamma saboda na samu natsuwa. Da wa'adin kuɗin ya cika a Satumban 2024 aka rufe shi, da saƙo guda a waya. Wata huɗu ɗana yana dawowa gida babu kowa. Ban san ya daina aikin gida ba sai da sakamako ya fito, ban san da waɗanda yake yawo ba sai ranar da aka kira ni daga wani kanti. Na bar aikin, mun ci bashi, kuma har yau shi da mahaifinsa ba su koma yadda suke ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, da na je ofishin gundumar makarantu, kowa ya ce ba daga teburinsa matsalar take ba.

Maman Hanif: Allah ya shirya mana zuri'a, Hajiya. Mu ma a Yulin 2025 hankalinmu ya tashi da gwamnatin tarayya ta riƙe kuɗin cibiyoyin bayan makaranta, kusan dala biliyan 1.3, kafin ta sake shi bayan 'yan makonni. Amma dala 380 ta yi yawa, ni 120 nake biya.

Baban Iman: Ina aka samu 120? Ni 450 nake biya a Texas, ban da kuɗin ɗauko ta daga makaranta. Kuma ku sani rangwamen haraji na kula da yara yana tsayawa ne da zarar yaro ya cika 13.

Abu Fahad: Ki ba shi makullin, Hajiya. Babban haɗarin ɗan shekara 12 a gida shi ne firij, kafin ki dawo ya share abincin mako guda.

Hajiya Binta: Wanda bai taɓa karɓar irin kiran da na karɓa ba shi ne zai yi dariya. Kai kuma Malam Habu, ma'aikacin shiri ne kai, dole ka ce a jira. Uwa ce kawai ta san abin da awa uku na kaɗaici suke yi wa yaro.

Malam Habu: Hajiya, ni ma uba ne, kuma ban raina abin da ya same ki ba. Sai dai kuɗin korona na wucin gadi ne tun farko, shi kuwa ASES masu zaɓe ne suka kafa shi a doka, bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba.

Maman Sadik: Na gode muku duka. Na kira makarantar, sun ce ko da ya samu gurbi, shirin yana kaiwa ƙarfe 6 kuma babu motar da za ta mayar da yara gida. Ni kuwa tafiyar minti 40 ce tsakanin wurin aikina da makarantar.

Maman Hanif: To, ga ainihin matsalar nan. Ana ware kuɗin shiri amma ba a ware na mota, sai ya zamana ɗan mai mota ne kaɗai yake amfana. A gundumarmu an soke motar yamma shekara biyu da suka wuce saboda ƙarancin direbobi, kuma sau uku muna kai koke zaman hukumar makarantu ba a ba mu amsa ba.

Baban Iman: Mu ta safe ma sai ta makara da rabin awa, a rubuta wa yarinya latti. Akwai wanda ya san ofishin da ake kai ƙarar wannan?